Difa: Uwa Kirista tsakanin aiki da goyo

A birnin Difa, mai nisan fiye da kilomita 1300 daga Yamai, Kiristoci ƴan kaɗan ne, kuma akasarinsu baƙi ne waɗanda aikin gwamnati ko fatauci ya kawo bakin Komadugu: malaman makaranta, ungozomomi, iyalan sojoji, da ƴan kasuwa daga Najeriya, Cadi da Benin. Wannan baƙunta ita ce tushen wahalar matansu masu aiki, domin kuwa ƴar gari in ta haihu tana da uwa ko gwaggo a unguwa ta gaba, baƙuwa kuwa tata uwar tana Maraɗi ko Dogon Dutse.

Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba mai ciki hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, kana ta ba ta awa guda a kowace rana domin shayarwa har tsawon shekara. Doka ce mai kyau a takarda. Amma ran da hutun ya ƙare, jinjiri bai cika wata biyu sosai ba, biro kuma ba ya karɓar goyo. Sai a nemi ƴar reno, sau da yawa yarinya ce wadda ita ma makaranta ta kamace ta, albashin da bai taka kara ya karya ba kuma a raba shi biyu.

Ƴar kasuwa ko wannan hutun ba ta da shi. Ranar da ba ta buɗe rumfa ba, babu riba, Lahadi kuwa da ma ta sujada ce. Bayan harin Boko Haram na 6 ga Fabrairun 2015 a Boso da Difa, dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur, ta dakatar da cinikin tattasai da kifi na wani lokaci, alhali su ne jijiyar arzikin kwarin Komadugu. Mazaje da dama suka zauna hannu rabbana, nauyin tukunya ya koma kan mata, Musulmi da Kirista baki ɗaya.

A nan ne Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya da aka fi sani da waƙa da anko, ta nuna wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Su ne ke dafa wa mai jego ruwan wanka, su kwana da ita a gidan likita, su zuba adashi don kuɗin makaranta. Sun zama dangin da nisa ya hana.

Sai dai ikilisiya ma tana cin nata rabon lokacin: koyon waƙa, shara, girkin baƙi, duk a kan matan da suka yini a bakin aiki. Ba kasafai ake jin wa'azin da ya nemi miji ya riƙe yaro ba. Kuma a ranakun aiki, sa'ad da ƴan Zumunta kowa ke wurin nemanta, maƙwabciya Musulma, Babarbariya ko Bafilata, ita ce sau da yawa ke goya jinjirin har uwarsa ta tashi daga aiki.