Shirya Farfajiyar Gina Manhaja da Wayar Kwaikwayo a Tsarin Android

1.0 Gabatarwa

Wayar salula ta shiga sahun kayan koyarwa a wannan zamani. Malamin da ke son samar wa ɗalibansa manhaja ta koyon ƙa'idojin rubutu, ko wani ƙaramin ƙamus, wajibi ne ya fara sanin inda ake gina ta da kuma yadda ake gwada ta. Wannan babi zai yi bayani a kan abubuwa biyu: farfajiyar gina manhaja da wayar kwaikwayo. An ɗauki tsarin Android a matsayin misali, kasancewar shi ne ya fi yawa a hannun jama'a.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Babbar manhaja ita ce uwar da ke tafiyar da dukkan ayyukan waya, sauran manhajoji kuwa a kanta suke hawa. Android misali ne na babbar manhaja. Kamfanin Google ya saye shi a shekarar 2005, aka kuma fitar da wayar farko mai ɗauke da shi a 2008.

Farfajiyar gina manhaja tamkar maƙera ce ga maƙeri, wato wuri guda a cikin kwamfuta da ya tattara kayan rubuta umarni da na harhaɗa shi da na gano kurakurai. Wadda Google ya tanada ita ce Android Studio, wadda aka sanar da ita a 2013, sigarta ta farko cikakkiya ta fito a watan Disamba na 2014. Da harshen Java aka fi yin rubutu a cikinta tun farko, amma daga 2019 Google ya fifita harshen Kotlin.

Wayar kwaikwayo kuwa na'ura ce da ba ta da gangar jiki. Kwamfuta ce ke ware wani kaso na masarrafinta da ƙwaƙwalwarta da ma'adanarta, ta yi shigar waya da su, har Android ya tashi a ciki kamar yadda yake tashi a wayar gaske. An gina ta ne a kan wata manhaja mai suna QEMU, wadda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya ƙirƙiro.

3.0 Matakan Shiryawa

(a) Duba ƙarfin kwamfuta. Ana buƙatar ƙwaƙwalwar RAM da ba ta gaza gigabait 8 ba, amma 16 ya fi dacewa idan za a kunna wayar kwaikwayo.

(b) Buɗe damar kwaikwayo a masarrafi. Sunanta VT-x a masarrafin Intel, AMD-V kuma a na AMD. A wasu kwamfutoci a rufe take zuwa, sai an shiga saitin BIOS an buɗe ta. Idan aka tsallake wannan mataki, wayar za ta yi tafiyar hawainiya, ko ma ta ƙi tashi.

(c) Sauke Android Studio a girke, tare da kayan aikin da ake kira SDK. Kayan suna da nauyi, don haka ya kyautu a nemi intanet mai ƙarfi da wuta tsayayya kafin a fara.

(d) Ƙirƙirar wayar kwaikwayo. A nan ake zaɓar girman fuskar waya da kuma sigar Android. Kowace siga tana da lamba: Android 5.0 na 2014 lambarsa 21, Android 14 na 2023 kuwa 34. Galibin wayoyi masarrafin ARM suke amfani da shi, yawancin kwamfutocin Windows kuma x86. Saboda haka, a zaɓi sigar da ta yi daidai da masarrafin kwamfutar, domin ta huta da aikin fassara kowane umarni daga wannan tsari zuwa wancan.

Ya kamata a lura cewa tsarin iOS na kamfanin Apple ya bambanta, domin farfajiyarsa, wato Xcode, ba ta aiki sai a kwamfutar Mac.

4.0 Muhimmancinta ga Malamin Hausa

Rubutun boko yana da baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ƴ da ake amfani da shi a Jamhuriyar Nijar. Duk suna cikin tsarin Unicode, amma idan waya ba ta da salon rubutu mai ɗauke da su, sai ta nuna ɗan akwati a gurbinsu. Wannan ba ƙaramar illa ba ce, domin ƙugiya ce ta raba baki da baƙi, ta kuma raba kafa da ƙafa. Manhajar da ta kasa nuna wannan bambanci kuskure za ta koya wa yara.

Ɗalibai ba waya iri ɗaya suke riƙewa ba, kuma malami ba zai iya sayen kowace iri ba. Amma a kwamfuta guda yana iya ƙirƙirar tsohuwar waya mai ƙaramar fuska da sabuwa mai faffaɗar fuska, ya gwada darasinsa a kowace. Haka nan Android ya ba da damar ajiye fassarar Hausa a jaka ta musamman mai suna values-ha, domin ha ita ce alamar da aka ware wa Hausa a tsarin alamomin harsuna na duniya.

Duk da haka, gani ya kori ji. Wayar kwaikwayo ba ta nuna haƙiƙanin yadda manhaja ke cin batir, ko yadda take nauyi a waya mai rauni. Don haka gwajin ƙarshe a wayar gaske ake yin sa. Ana taɓa lambar ginin wayar sau 7 a cikin saiti domin a buɗe zaɓin masu gina manhaja, sannan a haɗa ta da kwamfuta ta igiyar USB.

5.0 Kammalawa

An ga ma'anar farfajiyar gina manhaja da ta wayar kwaikwayo, da matakai huɗu na shirya su, da kuma amfaninsu wajen kare ƙa'idojin rubutun Hausa. Abin lura shi ne, kuskuren da aka gano a wayar kwaikwayo gyaransa a kwamfuta ɗaya ne, wanda ya kai hannun ɗalibai kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin babbar manhaja da farfajiyar gina manhaja.
2. Me ya sa wayar kwaikwayo ba ta wadatar wajen gwaji?
3. Kawo kalmomi biyar da ma'anarsu ke sauyawa idan aka cire ƙugiya.