Malamai Na Ƙaro Ilmi Ta Waya, Amma Daga Aljihunsu

Tun da aka rufe makarantu a Nijeriya cikin watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malamai da dama suka mai da zaurukan WhatsApp da Facebook wurin ƙaro ilmi. A nan suke musayar tsarin darasi, suna yi wa juna bitar jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai.

Sai dai wannan horo ba kyauta ba ne, domin daga albashinsa malami ke sayen data. Ga shi kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data.

Ya kamata masu makarantun kuɗi su yi lissafi. Saya wa malami data bai kai biya masa kuɗin mota da masauki zuwa taron bita tsada ba.