Idan bodari ya fesa wa karenka wari, kada ka bari ya kai ga haja

Kwanan baya wata mai sauraro ta kira ni cikin shirinmu na safe. Mai sayar da garin masara ce, tana kuma kiwon kaji a gida. Ta ce cikin dare ta ji karensu yana haushi wajen akurki, can sai ya rugo yana kuka, ya faɗa ɗakin ajiya yana goga fuska a jikin buhuna. Da gari ya waye babu mai iya tsayawa kusa da garin nan, balle ya saya. Aikin bodari ne.

Mutanen karkara sun san shi. Ƴar dabba ce baƙa mai ratsin fari a gadon baya, nauyinta bai cika wuce kilo 1 ba. Da dare yake fita neman ɓeraye, ƙwari, ƙwai da ƴan tsaki. In kare ya matsa masa, sai ya ɗaga wutsiya ya juya baya, ya feso wani ruwa mai maiƙo daga ƙarƙashinta. Ruwan yana ɗauke da sinadarai dangin farar wuta, shi ya sa warin ke kama gashi da tufa da buhu. In ya shiga ido yana yin zafi, har kare ya kasa gani na ɗan lokaci.

Abu na farko, ƴan uwa, a ɗaure karen a waje, nesa da mangaza, rumfa da madafa. Gari, kilishi, ƙuli-ƙuli da atamfa duk suna shan wari, kuma mai saye da hancinsa yake fara ciniki. Sannan a wanke masa ido da ruwa mai tsabta. Mai wankin ya sa leda a hannu da tsohuwar riga.

A Amurka suna da wata dabba mai irin wannan hali, kuma sun daɗe suna wanke karnuka da ruwan tumatir. Ba ya kashe warin. Hancin mai wanki ne ke gajiya, ya zaci ya tafi. To, kada wata ta ɓarnatar da tumatir ɗin miyarta.

A shekarar 1993 wani masanin sinadarai Ba'amurke, Paul Krebaum, ya fito da haɗin da ake amfani da shi har yau. Ana samun kayan a farmasi: lita 1 ta ruwan wanke rauni mai kumfa, wanda ake kira o oksijene, mai lamba 10 a jikin kwalba, da babban cokali 4 na bikarbonat, da ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa. In ƙaramar kwalba kika samu, rubu'in lita, cokali 1 na bikarbonat ya isa. A haɗa cikin buɗaɗɗen bokiti, a cuɗa a gashin karen tun yana kumfa, ban da ido da baki. Bayan minti 5 a ɗauraye. Kada a ajiye ragowar cikin rufaffiyar kwalba, domin tana iya fashewa.

Amma akwai abin da ya fi wari. A duba jikin karen da kyau. In sun yi kokawa har an cije shi, a kai shi wajen likitan dabbobi, saboda namun daji na iya ɗaukar ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ranar nan. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tsira.

Shi kuwa bodari, ba kashe shi ne mafita ba, tunda yana rage mana ɓeraye. A toshe ramukan akurki, a kwashe ƙwai kafin magariba, a yi wa kare allurar rigakafi. Mai garin nan ta yi asarar buhu 2, amma ta ce yanzu ɗakin ajiyarta da ƙyaure yake kwana.