Ilimantar da Kangararrun Matasa a Gidajen Gyaran Hali

Gabatarwa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kan wannan tunani aka gina gidajen gyaran hali na matasa, wato wuraren da kotu ke tura yaron da ya yi laifi domin a ba shi ilimi da tarbiyya, maimakon a jefa shi kurkuku cikin manyan masu laifi. Wannan darasi zai duba asalin irin waɗannan gidaje, da abin da ake koyarwa a cikinsu, da kuma nauyin da ke kan malami.

Asali

An fara gwada wannan tsari a ƙasar Ingila a shekarar 1902, a wani ƙauye mai suna Bostal da ke lardin Kent, inda aka ware matasa daga manyan fursunoni. Daga sunan ƙauyen ne tsarin ya samo sunansa, kuma dokar 1908 ta tabbatar da shi. A shekarar 1930 aka fito da wasu samari daga gidan Feltham, suka yi tattaki na kwanaki tare da shugabansu zuwa Lowdham Grange, inda suka taimaka wajen gina sabon gida marar katanga. Manufar ita ce a nuna wa yaro an amince da shi, domin ya koyi riƙon amana. Ingila ta soke tsarin da dokar 1982, amma ya ci gaba a wasu ƙasashen da ta mulka.

A Nijeriya an kafa dokar gidajen Bostal domin matasa 'yan shekara 16 zuwa 21. Akwai irin wannan gida a Kaduna da Abeokuta da Ilorin, ƙarƙashin hukumar gidajen yari, wadda dokar 2019 ta sauya wa suna zuwa Hukumar Gyaran Hali.

Abin da ake koyarwa

Karatu a waɗannan gidaje ya kasu gida uku. Na farko shi ne ilimin boko, tun daga yaƙi da jahilci har zuwa shirin jarrabawar kammala sakandare. Na biyu shi ne sana'ar hannu, kamar kafinta da ɗinki da walda da gini. Na uku shi ne gyaran ɗabi'a ta hanyar nasiha da koyarwar addini da wasannin motsa jiki. Ukun nan tamkar duwatsun murhu suke, in aka cire ɗaya tukunya ba za ta zauna ba. Yaron da ya iya walda amma bai iya danne fushinsa ba, ba zai daɗe a shagon maigidansa ba.

A shekarar 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji na kare yaran da ke tsare, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Havana. Sun tanadi cewa in da hali, yaro ya riƙa zuwa makarantar gari tare da sauran yara. Sun kuma hana a nuna a jikin takardar shaidarsa cewa a tsare ya yi karatun. Hikimar a fili take: takardar da za ta tona asirin mai ita a gaban mai ɗaukar aiki, ta zama tambari maimakon tsani.

Nauyin da ke kan malami

Ajin gidan gyaran hali ya bambanta da wanda aka saba. A benci ɗaya za a tarar da wanda ya kai aji biyar na sakandare da wanda bai san baƙi ba. Ɗalibai na shigowa suna fita a kowane lokaci, gwargwadon hukuncin kotu. Wasunsu na fama da illar shaye-shaye, wasu kuma sun baro makaranta ne da tabon duka da wulaƙanci. Saboda haka ya wajaba malami ya auna kowane yaro tun ranar da ya zo, ya yanka darussa gajeru waɗanda za a iya kammalawa cikin 'yan makonni. Ya kira yaro da sunansa, kada ya kira shi da laifinsa. Ya kuma ajiye bayanin ci gabansa, domin makarantar da za ta karɓe shi ta san inda ya tsaya.

Kammalawa

Ranar da aka sallami yaro ake fara sanin ko karatun ya yi amfani. In ya koma unguwa bai sami makaranta ko maigida ba, tsofaffin abokai na nan suna jiransa. Mai yiwuwa wata rana ajinka ne za a kawo shi, kuma irin tarbar da ka yi masa na iya zama dalilin da zai zauna, ko ya koma inda ya fito.