YADDA WAYAR HANNU TAKE GWADA HANYA KAFIN TA YI MAGANA

Kowa ya san yadda mai lasifika yake yi kafin a buɗe taro. Yakan kama abin magana ya ce, "Ɗaya, biyu, uku," wani kuma yana can bayan fili yana saurara. Mai sauraron ya riga ya san abin da za a faɗa, saboda haka in ya ji muryar ta shaƙe ko ta yi ƙasa, ya gane laifin na'ura ne ko na nisa. To, 'yan uwana ɗalibai da iyayenmu, wayar hannu ma haka take yi da turken sadarwa, watau dogon ƙarfen nan mai eriya da muke gani a garuruwanmu. Ko da yake an hana mu riƙe waya a makaranta, ba a hana mu sanin yadda take aiki ba, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wannan sashe ɗaya da na karanta.

Wayar tana aika wa turke wata alama wadda dukansu biyu suka sani tun farko. Injiniyoyi suna kiranta SRS, ni kuwa zan kira ta alamar gwaji. Dalilinta shi ne, saƙon rediyo ba ya bin hanya ɗaya tak. Yana bugun bango da rufin kwano da duwatsu, ya iso turke ta hanyoyi da yawa, wani ya riga wani. A wani zango waɗannan saƙonni sukan haɗu su ƙarfafa juna, a wani zangon kuma su kashe juna. Turke ba shi da ido. Sai ya ji alamar gwaji sa'an nan zai san inda hanya take da kyau, ya ba wayar wannan wuri ta aika saƙonta.

Domin a fahimci yadda ake rabon, a ɗauki zangon da gwamnati ta ba kamfani tamkar gona ce. A tsarin 4G, wanda aka fara sayar wa jama'a a biranen Sitokholm da Oslo a shekarar 2009, gona mai faɗin megahaz 20 an yanka ta kunya 100. Kowace kunya kilohaz 180 ce, kuma tana da zare 12 a jere. Lokaci ma an yanka shi. An raba daƙiƙa kashi 1000, kowane kashi kuma an raba shi gaɓa 14, gaɓar ƙarshe ita aka keɓe wa alamar gwaji a lokutan da turke ya zaɓa.

Sai mutum ya ce, ai abin da sauƙi, kowace waya ta gwada gonar duka a lokaci guda mana. A nan gizo ke saƙa. Ƙarfin da wayar hannu take iya fitarwa yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya ba, ƙaramin ƙwan lantarki ma ya fi shi nesa. Ku ɗauka mutum yana da bokiti ɗaya na ruwa. In ya yayyafa shi a kan kunya 96, babu wadda za ta jiƙe, amma in ya juye shi a kan kunya 4, lalle za a ga danshi. Wayar da ke gindin turke ba ruwanta da wannan, tana iya baza alamarta a kunya 96 a ji ta sarai. Amma wayar manomin da ke ƙauye, can ƙarshen inda sabis ya kai, in ta baza haka turke ba zai ji kome ba sai hayaniya. Saboda haka aka ba turke ikon ya umarce ta ta tattara ƙarfinta a kunya 4 kawai, wanda ya ninka ƙarfin da ke kan kowace kunya sau 24. In lokaci ya zagayo sai ta yi tsalle zuwa wasu huɗun, haka haka har ta gama gonar.

Amma fa wannan dabara tana da tsadarta. Na yi lissafi: tsalle 24 ne kafin a gama, in kuwa ana yin kowane tsalle bayan kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa, za a ci kashi 120. Ga mai zaune a tabarma wannan ba kome ba ne. Ga wanda yake cikin mota mai gudun kilomita 100 a awa kuwa, ya riga ya wuce mita uku, alhali matsawar da ba ta kai taki ɗaya ba ta isa ta sake yanayin hanyar. Kafin a gama awon, na farkon ya tsufa. Don haka babu faɗi ɗaya da zai dace da kowa, dole turke ya duba nisan waya da gudunta, ya yanka mata daidai ita. A ganina wannan shi ne ginshiƙin maganar duka.

Akwai kuma matsalar cunkoso, domin wayoyi da yawa ne a ƙarƙashin turke ɗaya. An yi maganinta da abin da ake kira matsefi. Waya ɗaya ta ɗauki zare na 1 da na 3 da na 5, wata ta ɗauki na 2 da na 4 da na 6, kamar a sarƙe haƙoran matsefi biyu. A kan kowane matsefi kuma ana iya juya alamar iri 8, watau wayoyi 16 ke nan a kunya ɗaya ba tare da sun take juna ba. A shekarar 2011 ƙungiyar 3GPP mai tsara waɗannan ƙa'idodi ta ƙara cewa turke yana iya neman gwaji sau ɗaya tak in buƙata ta taso, maimakon waya ta yi ta aikawa a banza tana cin batir, tana kuma cinye wurin da za a aika saƙon gaske.

Da 5G ta zo, nauyin alamar gwaji sai ya ƙaru. A watan Disamba na 1 ga jerin gwanjon irinsa a Nijeriya, watau na shekarar 2021, hukumar NCC ta sayar wa MTN da Mafab megahaz 100 kowanne a zangon megahaz 3500, a kan dala miliyan 273.6 kowanne, MTN kuma ta buɗe nata a 2022. A wannan zango waya da turke gona ɗaya suke amfani da ita, suna yin karɓa-karɓa. Tun da hanyar zuwa ita ce hanyar dawowa, abin da turke ya ji daga alamar gwaji shi yake gaya masa inda zai auna saƙonsa, kamar mai haska tocila. Gonar kuma ta faɗaɗa, alamar tana iya kai kunya 272, ƙarfin wayar kuwa bai ƙaru da yawa ba. Shi ya sa a ƙa'idodin shekarar 2022 aka yarda waya ta gwada rabi ko rubu'in kunyoyin da aka ba ta a kowane tsalle, ta bar sauran ga wasu wayoyin.