Wa Ya Haifi Taubashi?

Ga kacici-kacici: wane zagi ne ake yi wa dattijo a bainar jama'a, ya yi dariya har haƙoransa na goro su fito, sannan ya ƙara wa mai zagin guzuri?

A Cadawa na gani da idona, bakin kwalta, daidai inda hanyar Mayahi ta rabu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Kaka ta yi, buhunan aya jibge ko'ina. Wani dattijo na zaune kan buhu, tiya a hannu. Sai ga babbar mota ta tsaya, direba ya diro, bai ko yi sallama ba. "Kai bawa! Wa ya ba ka iznin zama bisa kayan ubangidanka?" Ya cusa hannu cikin buhu ya cika aljihu da aya. Ya cire hular tsohon ya kifa a kansa. Na ja da baya, don na san abin da ke biyo bayan taɓa hular dattijo. Tsohon ya miƙe tsaye.

Ya rungume shi. "Ci, mayunwacin Dosso, ci. In ba mu, da mi za ka rayu?" Ya ƙara masa rabin tiya a leda.

Da farko na ce taɓin hankali ne, amma ba a damƙa wa mahaukaci mota mai taya goma. Na ce to bashi yake bin tsohon, shi ya sa ya sami bakin magana. Sai dai wanda ake bi bashi sunkuyar da kai yake yi, wannan kuwa ramawa yake har da riba. Na koma kan jika, tunda jika na wasa da kakansa. Nan ma ban ci ba: Hausar direban a karye take, irin ta wanda ya sha wani harshe a nono. Na ƙara duban fuskar tsohon. Tsaga ce, jere, daga gefen baki har gindin kunne.

Bagobiri. Direban kuma Bazabarme. Yaron da ke zuba mini shayi ya lura da bakina a sake, ya ce, "Malam, taubasai ne fa."

Da an ce magana ta ƙare. Amma kalmar ta maƙale mini kamar ƙashin kifi. Zolaya na san uwarta, tsokana na san ubanta, ba'a da raha da barkwanci duk 'yan gida ne. Taubashi fa? Kowa ya san ma'anarta: ɗan kawunka ko ɗan gwaggonka, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji. 'Ya'yan maza biyu ba sa wannan wasa, haka 'ya'yan mata biyu. Daga cikin gida abin ya fita ya haɗa Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Zabarmawa. Sharaɗin ɗaya ne, ba a fushi. To amma ita kalmar, wa ya haife ta?

Kada mai karatu ya ɗauka tambayar banza ce. Turawan Ingila na da tasu, wadda 'yan kallon ƙwallo ke kira banta, kuma shegiya ce ba uba. Ta ɓullo a titunan Landan cikin shekarun 1670. Marubuci Jonathan Swift ya yi mata kaca-kaca a 1710, ya ce maganar 'yan iska ce. Samuel Johnson ya sa ta a ƙamusunsa na 1755, ya kira ta kalmar jahilai marar asali, sai dai ko daga wata kalmar Faransanci. Swift ya mutu, banta na nan, uban nata har yau ba a gan shi ba. Na ce mu dai ba za a yi haka da mu ba.

Na fara da wanda ya fi kusa. A watan Muharram, watan cika-ciki, taubasai ke bin juna kuɗin shara, kowa na cewa ɗayan ne bawansa. In gardama ta yi tsawo sai wata tsohuwa ta ce, "To, ba shi!" To-ba-shi. Taubashi. Na yi tafi ni kaɗai. Kwana ɗaya na yi da wannan murna, kafin jam'in kalmar ya watsa mini ƙasa a ido. Da haka ne, ai da mun ce taubasu, mace kuma taubata. Amma taubasai muke cewa, da taubashiya.

Na gwada "tuba", wai bawa ya tuba ga ubangidansa. Taubashi bai taɓa tuba ba. Na gwada "taɓa shi". Ɓ da b ba ɗaya ba ne, ko ɗan aji biyu ya sani. Na leƙa Larabci, na tarar Balarabe ɗan kawu kawai yake cewa, ba wani suna na daban. Na leƙa Faransanci, tunda da sunan Faransanci aka kai al'adar gaban UNESCO, har ta shiga jerin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Nan ma ba ko kama. Kakanninmu na karɓar kuɗin shara tun Bafaranshe bai san hanyar Tasawa ba.

Na koma wurin mai aya hannu rabbana. Direban ya dawo daga Gazawa. Na ce, "Maigida, ku da Zabarmanci me kuke ce wa wannan tsoho?" Ya ce, "Bawa." Na ce ban da wasa. Ya ce, "Baaso."

Na maimaita a zuci. Baaso. Tau-bashi. B da s. Gabana ya faɗi. Amma "tau" ɗin fa, daga ina?

A gefe akwai wani Buzu, rawani har hanci, yana dafa shayinsa a ɗan mangal. Tun ɗazu yake jin mu. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Abobaz."

Na ce, "Na'am?"

"Namiji abobaz. Mace tabobazt."

Na ajiye kofi.

Bari mu zauna nan, don nan gawar take. A Buzanci, sunan mace na farawa da t, sau da yawa ya ƙare da t. Kuma Bahaushe ya daɗe yana ɗauko kalmomin Buzaye da wannan t ɗin a goshinsu. Takarda daga wurinsu ta zo. Takobi ma haka: takoba suke cewa, mace ce a bakinsu, ta shigo Hausa ta zama namiji, ga "ta" ɗinta nan ba wanda ya cire. Masanin harshe Maarten Kossmann ya cika littafi guda a 2005 da irin waɗannan baƙi da suka zama 'yan gari. To ɗauki tabobazt ka faɗe ta da sauri, za ka ji tabobast. Bahaushe ba ya son baƙi biyu cunkushe a wutsiyar kalma, sai ya yar da t, ya liƙa wasali. S kuwa in ta haɗu da i ko e, sh take zama: Hausawa amma Bahaushe, ƙasa amma ƙasashe, taubasai amma taubashi. Kun ga jam'in da ya kashe mini "to, ba shi" shi ne yanzu ya zama shaidata.

Saura b ta farko. Wa ya cinye ta? Wanda ya cinye ta Abdu ya mai da shi Audu. A Cadawa sabro ke cizonmu, a Kano sauro. Mu abduga muke kaɗawa, su auduga. B in ta tsaya a ƙarshen gaɓa, u take komawa. Tab ta zama tau. Ni dai Kanawa nake zargi da wannan ɓarna, in suna da ja su kai ƙara Zariya.

Hanyar da ta biyo kuma ba ɓoyayya ba ce. Gobirawa da kansu suna cewa a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu, su yi Birnin Lalle, su yi Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808, su ƙare a Tibiri. Ayarin gishirin Bilma kuwa shekara da shekaru yana saukowa ƙasar Hausa neman hatsi. Inda aka yi ciniki an yi aure, inda aka yi aure an haifi ɗan gwaggo.

Hukuncina ke nan: taubashi, baaso da abobaz taubasan juna ne, kuma tamu da rawani ta iso.

Na kai wa tsohon mai aya labari. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi Buzun, ya ce, "Wanga? Shi da bai da ko gida zai ba mu magana?" Buzun ya miƙa masa kofin shayi, ya ce bawa ne ke fara ɗanɗana wa ubangidansa.

Kai kuma mai karatu, in kana da ɗan kawu ko 'yar gwaggo, ka tanadi canji. Muharram na tafe.