Kafin Ka Sayi Dashe: Abin da Ya Kamata Ka Sani Tun Daga Bazara

Kamar kullum, ga shirin wannan makon a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar shuka za mu yi. Wata 'yar uwa ta turo mana saƙo cewa ta kalli wani bidiyo a YouTube, mai bidiyon yana cewa watan Maris ne lokacin sayen shuke-shuke a dasa a gida. Ta sayo mangwaro biyu da gwaba da fulawoyi, ta dasa, kafin sati uku duk sun bushe. Take tambaya, ko hannunta ne ba shi da albarka?

'Yar uwa, hannunki lafiyarsa ƙalau. Mai bidiyon nan a Ingila yake ko Amurka. A can Maris lokaci ne da sanyi ke janyewa, ƙasa na da danshi, rana kuma ba ta da kaifi. Mu kuwa Maris da Afrilu su ne tsakiyar zafi, a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Dashen da aka ciro daga inuwa aka saka a ƙasa a irin wannan rana, ai kamar an tura shi gidan burodi ne. A wajenmu bazara lokacin shiri ce, dashe sai ruwa ya zauna.

Ni ma na taɓa cin wannan ƙasar. Shekarun baya ni da abokaina mun yi gangamin dashe a wata makarantar firamare, muka yi hotuna, muka watse. Da na koma bayan rani, waɗanda suka rayu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Awaki sun ci wasu, gara ta ci wasu, sauran ƙishirwa ta kashe su. Babu wanda muka ɗora wa alhakin kula da su. Tun ranar nake cewa a ƙirga itace bayan ya ga rani ɗaya.

To mu fara daga wajen saye.

Kafin ka fita, ka tsaya ka dubi gidanku. Ina rana ke bugawa, awa nawa? Ina katanga, ina rijiya, ina ramin masai? Mangwaro da darbejiya manyan itatuwa ne, saiwarsu na tafiya nesa, idan ka manna su da gini wata rana za ka ga tsaga a bango. Mangwaro yana son tazarar mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan uwansa. In tsakar gidanku ƙarami ne, ka nemi gwaba, lemun tsami, gwanda ko zogale. In kuma shinge kake so, lalle na jure fari sosai.

Idan ka je wajen masu renon dashe, kar tsawo ya ruɗe ka. Yawancinmu mukan miƙa hannu ga wanda ya fi girma, alhali dogon dashe a ƙaramar leda alama ce ya daɗe a ciki, saiwarsa ta nannaɗe kanta kamar gammo. Irin wannan ko ka dasa shi, yakan daɗe bai motsa ba. Ka ɗaga ledar. In ka ji ta kama ƙasa, saiwa ta huda ta shige, to za a tsinka ta kafin a ba ka, kuma dashen zai sha wuya. Ka zaɓi matsakaici mai kaurin jiki, mai koren ganye, wanda ke fitar da sabon toho. Ka juya bayan ganyen ka duba. In ka ga wasu fararen abubuwa kamar auduga, ko ganye ya nannaɗe yana danƙo, ka bar shi nan, kar ka kai wa sauran shukokin gida ƙwari.

Sai maganar aure. Za ka ji mai sayarwa ya ce wannan mangwaron ɗan aure ne, shi ya sa ya fi tsada. Abin da ake nufi shi ne an yanko reshen itace mai kyawun 'ya'ya an haɗa shi a kan gindin wani mai ƙarfin saiwa. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, kuma irin 'ya'yan uwarsa zai ba ka. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 5 zuwa 8, kuma sau da yawa ba ka san me zai haifa ba. Kar ka karɓi magana kawai, ka ce a nuna maka wurin haɗin. Akwai tabo ko ɗan kumburi a jikin karan, sama kaɗan da ƙasar ledar. Babu tabo, babu aure.

Gwanda kuma tana da nata sirrin. Akwai namiji, akwai mace, akwai mai haɗe da duka biyun, kuma ba a gane su sai sun yi fure. Namijin ba ya ba da 'ya'yan kirki. Shi ya sa ake dasa uku ko huɗu, in sun yi fure a rage. In ka sayi guda ɗaya tak, caca ka yi.

Yanzu ka kawo dashe gida. Kar ka saka shi a ƙasa ranar. A wajen reno a inuwa ya tashi, ana ba shi ruwa kullum. Ka ajiye shi inda ranar safe kaɗai za ta same shi, kana ƙara masa lokacin rana a hankali, sati ɗaya zuwa biyu, har ya saba.

A wannan tsakanin ka haƙa rami, faɗi da zurfi kamar santimita 60, wato ƙafa biyu. Ƙasar sama ka ware ta gefe guda, ita ce mai abinci. Ka cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, wanda ya huce ya koma kamar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu da karmami kuma na janyo gara.

Yaushe za a dasa? Kar ruwan farko ya yaudare ka. Kowa ya san yadda yakan sauko sau ɗaya a watan Mayu, sannan ya ɗauke sati biyu ko uku. Ka bari sai ka tona ƙasa ka ji danshi har ƙasan ramin. A Kano, Katsina, Sakkwato da Maraɗi wannan yakan kama ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a Kaduna da Jos yakan riga haka. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ka nemi na jiharku. Kar kuma ka yi jinkiri har ƙarshen Agusta, domin ruwa na ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, saiwa kuwa na buƙatar watanni biyu zuwa uku na danshi kafin ta kama.

Ranar dashe, ka bari sai da yamma ko ranar da aka yi lumshi. Ka jiƙa ledar, ka tsaga ta da reza, ka cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Wallahi na sha tono mataccen dashe in tarar da ledarsa a jiki. Ka saka shi daidai zurfin da yake a leda, wurin auren ya tsaya a sama da ƙasa. Ka danna ƙasar da hannu, ka yi masa ɗan gurbi kewaye, ka ba shi ruwa bokiti guda.

Kafin ka tashi daga wurin ka yi masa keji. Akuya ba ta jiran gobe. Kara, ƙaya, tsohon bulo ko ragar waya, duk wanda ka samu, in dai iska da haske za su shiga.

Jarrabawar gaske tana zuwa bayan damina. Daga Oktoba har ruwa ya dawo, kai ne damina. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta zauna a sama. Gara ka ba shi ruwa mai yawa sau biyu ko uku a sati, da sassafe ko da yamma, ya ratsa ƙasa, saiwa ta bi shi ciki. In ruwa na wahala a unguwarku, ka binne tsohon tulu ko gorar roba mai ƙananan huji kusa da gindin, ka riƙa cikawa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk suna yi, amma ban da ruwan wanki mai omo ko bilic. Ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe, sai dai kar ta taɓa karan, kuma ka riƙa ɗagawa kana duba gara. Duk tohon da ya fito a ƙasan wurin aure ka cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi reshen da ka biya kuɗi dominsa. In ƙaramin mangwaro ya yi fure a shekarar farko, ka daure ka tsinke, ya fara gina jiki tukuna.

Masu zaman haya, ban manta da ku ba. Tsohon bokiti ko buhu ya isa na'ana'a, alayyahu, tumatir da barkono. Sharaɗin kawai ka huda ƙasansa ruwa ya riƙa fita. Shukar cikin tukunya, yawan ruwa kan kashe ta kamar yadda ƙishirwa ke yi. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ka bari sai gobe.

Me ya sa muka ɓata shiri guda a kan wannan? Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti don tare hamada, kuma jihohi 11 na arewacin Najeriya na ciki. Amma ba gwamnati ce za ta zo ta shayar da itacen ƙofar gidanku a watan Afrilu ba. Mu ke kwana a zafin nan, mu ke shaƙar ƙurar nan.

Don haka bana, ƙungiyoyin matasa, kafin ku ɗauki dashe ɗari ku tambayi kanku wa zai ba su ruwa. In goma za ku iya riƙewa, ku dasa goma, kowanne da sunan mai kula da shi. Ke kuma 'yar uwa da kika turo saƙo, ki haƙa raminki yanzu, ki jira ruwa ya zauna, ki sake gwadawa. Muna jiran hoton gwabarki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.